Ɗaurarre da Tsararre: Neman Sunan Mutum a Takardun Tamanrasset

Akwai kalmomi biyu a Hausa da ɗalibi kan ɗauka ma'anarsu ɗaya ce, wato ɗaure da tsare. Idan aka ce an ɗaure mutum, to an gurfanar da shi gaban alƙali, an yi shari'a, an yanka masa wa'adi: wata shida, ko shekara biyu, ko rai da rai. Idan kuwa aka ce an tsare shi, iyakar abin da aka sani shi ne yana hannun hukuma kuma ba shi da ikon fita. Ko akwai alƙali a cikin maganar ko babu, kalmar ba ta faɗa ba. Sunayen wurin ma suna da yawa, kowanne da tarihinsa. Akwai kurkuku. Akwai gidan yari, daga sarautar Yari, mai kula da ɗaurarru a masarautun Hausa. Akwai gidan waƙafi, inda ake ajiye mai jiran shari'a. Akwai gidan kaso, wanda Hausawan Nijar suka aro daga kalmar Faransanci cachot, sai kuma gidan gyaran hali, wanda ya kama bakin 'yan jarida a Nijeriya bayan dokar 2019. Amma bambancin ɗaure da tsare shi ne ya fi muhimmanci ga mai neman ɗan'uwansa, haka kuma ga mai binciken tarihi, domin ɗauri yana barin takarda a bayansa, tsarewa kuwa sau da yawa ba ta barin komai sai ƙwaƙwalwar wanda aka tsare. Garin da za mu auna wannan magana da shi shi ne Tamanrasset, a kudancin Aljeriya.

Tamanrasset tana cikin duwatsun Ahaggar, kusan kilomita 2,000 kudu da Aljir, babban birnin ƙasar, kuma kimanin kilomita 400 arewa da In Guezzam, garin da ke bakin iyakar Nijar. Bahaushe ba baƙo ba ne a can. Wanda ya taso daga Kano ko Maraɗi ko Damagaram, ya bi ta Agadas da Arlit da Asamaka, ita ce babbar alƙarya ta farko da zai tarar bayan ya tsallaka iyaka, kuma a unguwanni irin su Gataa el Oued da Tahaggart ana jin Hausa a kasuwa tare da Larabci da harshen Abzinawa. Masu gini, da 'yan tireda, da teloli, da mata masu bara da 'ya'yansu, duk sun san hanyar. Don haka tambayar nan, wai ina aka kai wane, tambaya ce da ake yi da Hausa a gidaje da yawa.

A Amurka, inda kusan kowace gunduma take da gidan waƙafinta a ƙarƙashin shugaban 'yan sandan gundumar, amsar wannan tambaya tana da sauƙi. Gidaje da dama suna lissafa sunayen waɗanda ke ciki a shafinsu na intanet, da ranar kamu, da laifin da ake tuhuma, da kuɗin beli, kuma dokokin jihohi sun mayar da irin wannan bayani mallakar jama'a. Tsarin yana da nasa aibin, tunda hoton mutumin da kotu ta wanke yakan ci gaba da yawo shekara da shekaru. Aljeriya, kamar Faransa da yawancin ƙasashen da suka gaji tsarinta, ba ta bi wannan hanya ba. Dokar gidajen yari mai lamba 05-04 ta 6 ga Fabrairu 2005 ta kasa su gida uku: na kusa da ƙaramar kotu, inda ake ajiye masu jiran shari'a da waɗanda ɗaurinsu bai wuce shekara biyu ba, na kusa da babbar kotu, har zuwa shekara biyar, sai na masu dogon wa'adi. Na farkon shi ne ɗan'uwan gidan waƙafin gunduma. Dokar ta wajabta wa kowane gida ajiye littafin shiga, wanda Faransawa ke kira registre d'écrou, kuma ba a karɓar mutum sai da takardar umarni daga hukumar shari'a. Sai dai littafin ba na kowa da kowa ba ne. Lauya ne, da dangin da suka samu izinin ziyara, da ƙaramin jakadan ƙasar baƙo, suke da ƙofar tambaya. Duk da haka littafin yana nan, wanda kuma aka rubuta sunansa a ciki ba ya ɓacewa cikin sauƙi. Matsalar Tamanrasset ita ce mafi yawan mutanen da tarihi ya nuna an hana su fita a wannan yanki ba su taɓa shiga wannan littafi ba.

Mu fara daga zamanin Turawa. A ranar 7 ga Mayu 1902 rundunar Laftanar Cottenest ta ci Abzinawan Ahaggar da yaƙi a Tit, arewa kaɗan da Tamanrasset, kuma a 1904 Musa ag Amastan ya je In Salah ya yi mubaya'a, Faransawa suka amince da shi a matsayin amenokal, wato sarkin Ahaggar. A ƙarshen wannan shekara ta 1902, ranar 24 ga Disamba, Faransa ta yi dokar da ta ware Sahara daga lardunan arewacin Aljeriya, ta kira ta Yankunan Kudu, ta danƙa ta ga soja. Haka aka zauna har 1957. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne hafsan da ke riƙe da Ahaggar shi ne mai mulki, shi ne mai karɓar haraji, shi ne mai horo. A ƙarƙashin tsarin da ake kira indigénat, wato dokokin da suka hau kan 'yan ƙasa kaɗai ban da Turawa, jami'i yana da ikon ya ci mutum tara ko ya kulle shi wasu kwanaki ba tare da kotu ba, Gwamna Janar kuma yana da ikon ya tsare mutum ko ya kore shi daga ƙasarsa ba tare da an faɗi ranar dawowa ba. Sai a watan Maris na 1944 aka soke wannan tsari a Aljeriya.

Ba wai Faransawa ba su yi rubutu ba. Sun yi, har ya yi yawa. Charles de Foucauld, limamin Kirista da ya sauka a Tamanrasset a watan Agustan 1905, lokacin da wurin bai wuce bukkoki kusan ashirin ba, ya shafe shekarunsa yana tattara harshen Abzinawa har aka kashe shi a ƙofar ganuwarsa ranar 1 ga Disamba 1916. Ƙamusunsa, wanda aka buga cikin mujalladi huɗu a 1951 da 1952, har yau ba a yi kamarsa ba. Hafsoshi kuma suna aika rahoto kowane wata game da rijiyoyi, da ayari, da farashin gero, da ra'ayin manyan ƙabilu. Mai bincike zai iya sanin sunan kowane kwari da kowace ciyawa ta Ahaggar daga takardun wannan zamani. Amma bawa ko manomin da aka kulle kwana takwas don ya ƙi ba da raƙumi ko ya yi wa jami'i tsaurin ido, in ya bayyana ma, to a cikin jimla yake bayyana. Kuma kada mu manta, da yawa daga bayin Ahaggar daga kudu aka kawo su ko aka kawo iyayensu, daga ƙasashen da ake jin Hausa da Zabarmanci. Sunan da takarda take riƙewa shi ne na babban mutum, domin shi ne ake tsoro.

Ko babban mutumin ma, abin da takarda ta faɗa a kansa sai an yi hattara da shi. Misalin da ya fi fitowa fili ya faru ne a kudu da Ahaggar, a kan wannan hanya dai ta ayari. Makonni kaɗan bayan kisan Foucauld, Kawusan ya yi wa sansanin Faransawa na Agadas ƙawanya, daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917, da goyon bayan Sarkin Agadas Abdurrahman Tagama. Bayan an karya tawayen, an rataye Kawusan a Murzuk a 1919, Tagama kuma ya faɗa hannun Faransawa, ya mutu a kurkukun Agadas a watan Afrilun 1920. Bayanin farko da hukuma ta bayar shi ne ya kashe kansa. Daga baya ta tabbata cewa kashe shi aka yi da umarnin hafsan Bafaranshe mai riƙe da garin, kuma masana irin su André Salifou da Finn Fuglestad, waɗanda suka yi rubutu kan wannan tawaye a 1973, sun dogara ne da takardun Faransawan kansu da kuma bakin dattawa. Darasin bincike a nan shi ne takardar mai gadi muryar mai gadi ce. Ana karanta ta, amma ana neman wata takardar da za ta ƙaryata ta, kuma galibi ana samun ta ne inda jami'ai biyu suka saɓa wa juna.

To ina waɗannan takardu suke yau? Ba a Tamanrasset suke ba. A 1961 da 1962, gab da 'yancin kai, Faransa ta raba takardun Aljeriya kashi biyu. Waɗanda ta kira na gudanarwa, kamar na filaye da asibitoci da ƙananan hukumomi, ta bar su. Waɗanda ta kira na mulki, wato na Gwamna Janar da 'yan sanda da sashen kula da 'yan ƙasa, ta loda su a jirgi, kuma yanzu suna taskar takardun ƙasashen ƙetare da ke Aix-en-Provence, wadda aka buɗe a 1966. Na soja suna Vincennes, kusa da Paris, a jerin da ake kira 1H. Tunda Sahara ƙasar soja ce, kaso mai tsoka na tarihinta yana waɗannan wurare biyu, kuma Aljeriya tana neman a mayar mata da su tun daga wancan lokaci. Dokar Faransa ta 2008 ta sa shekara 75 kafin a buɗe fayilolin shari'a, ko da yake a Disamban 2021 an ba da umarnin buɗe na binciken 'yan sanda da kotu da suka shafi yaƙin 'yancin Aljeriya tun kafin wa'adinsu ya cika. A Aljeriya kuwa dokar taskar tarihi ta 26 ga Janairu 1988 ta ce ana buɗe takarda bayan shekara 25, ta shari'a bayan 50, ta tsaron ƙasa bayan 60. Haka doka ta ce. Masana tarihi na Aljeriya kansu sun sha kukan cewa samun izini a babbar taskar da ke Birkhadem, a Aljir, ya fi abin da doka ta faɗa wuya. Jikan wanda aka kulle a Ahaggar a 1930 yana bukatar biza da kuɗin jirgi da Faransanci kafin ya fara neman kakansa.

Ɗalibin Kano yana da sa'a idan aka kwatanta. Ingilishi sun bar gidajen yari na En'e a hannun sarakuna, haka kuma suka ci gaba da zama bayan tafiyarsu har 1968, lokacin da gwamnatin tarayya ta karɓe su, kuma tunda alƙalai ne ke yanke hukunci, Razdan kuma yana neman lissafi, an samu littattafan kotu da rahotannin shekara masu faɗin yawan fursunoni da mace-macensu. Da yawansu suna taskar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ba a London ba. Amma a nan ma wanda aka tsare don siyasa hanyarsa dabam ce. Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903, aka kai shi Yola sannan Lakwaja inda ya rasu a 1926, ba alƙali ne ya ɗaure shi ba. Mun san inda ya ƙare ne domin sarki ne.

Babi na biyu na tarihin tsarewa a Tamanrasset ya zo ne shekara talatin bayan tafiyar Turawa. A ranar 26 ga Disamba 1991 jam'iyyar Musulunci ta FIS ta lashe kujeru 188 cikin 430 a zagayen farko na zaɓen majalisa. Soja suka tilasta wa Shugaba Chadli Bendjedid sauka a ranar 11 ga Janairu 1992, aka soke zagaye na biyu, kuma a ranar 9 ga Fabrairu aka kafa dokar ta-ɓaci da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 92-44. Wannan umarni ya bai wa ministan cikin gida ikon ya sa a ajiye duk baligin da ake ganin barazana ne ga zaman lafiya a wurin da aka kira cibiyar tsaro. Ba a bukatar tuhuma, ba a bukatar alƙali. Cikin 'yan makonni aka kwashi dubban mutane daga biranen arewa, daga ƙofar masallatai da gidajensu da wuraren aikinsu, aka sa su a jiragen soja zuwa sansanoni a Sahara: Reggane, da Ouargla, da In Salah, da Bordj Omar Driss, da Oued Namous, da In M'guel. Wannan na ƙarshe yana cikin lardin Tamanrasset, kimanin kilomita 130 arewa da garin, kuma shi ne ya fi daɗewa. Ba a rufe shi ba sai a ƙarshen 1995, bayan zaɓen Liamine Zeroual, lokacin da aka saki mutum sama da 600 da suka rage, wasunsu sun kusa cika shekara huɗu ba wanda ya karanta musu laifinsu.

In M'guel ba wurin da aka zaɓa da tausayi ba ne. Tsohon sansanin sojan Faransa ne, kusa da In Ekker, inda Faransa ta yi gwajin bam na nukiliya sau 13 a ƙarƙashin dutsen Taourirt Tan Afella tsakanin Nuwamban 1961 da Fabrairun 1966. A gwajin 1 ga Mayu 1962, wanda aka yi wa laƙabi da Béryl, dutsen ya tsage, gurɓataccen hayaƙi ya fito ya lulluɓe 'yan kallo, har da ministoci biyu, Pierre Messmer da Gaston Palewski. Reggane ma wurin gwaji ne. Tsofaffin tsararrun sun daɗe suna cewa cututtukan da ke kashe su, musamman sankara, daga can suka ɗauko su. A nan ne rashin takarda ya zama abin da ke taɓa rai da lafiya. Mutumin da aka ɗaure yana fita da takardar sallama mai ɗauke da ranar shiga da ta fita. Wanda aka tsare a sansani, kafin ya nemi diyya ko a mayar da shi bakin aikinsa, sai ya fara tabbatar da cewa ya taɓa zama a wurin, kuma shaidar tana hannun hukumar da yake ƙara. Ko yawansu ba a daidaita a kai ba: ƙungiyar Amnesty International ta ce sun haura 10,000, ƙungiyar tsofaffin tsararrun kuwa tana cewa sun kai 24,000. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ta isa ta nuna cewa ba a taɓa fitar da jerin sunayen ba.

Da aka zo yin sulhu, sai aka ƙara rufe ƙofar. A watan Maris na 2005 kwamitin da lauya Farouk Ksentini ya jagoranta ya amince da cewa mutum 6,146 sun ɓace a hannun jami'an gwamnati a shekarun rikicin. A ranar 29 ga Satumba na wannan shekara aka yi ƙuri'ar raba gardama kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya da Sulhun Ƙasa, dokar aiwatar da ita kuma ta fito a ranar 27 ga Fabrairu 2006. Ta tanadi diyya ga iyalan waɗanda suka ɓace idan sun karɓi takardar mutuwa, amma sashe na 45 ya hana kotu sauraren ƙara kan jami'an tsaro, sashe na 46 kuma ya tanadi ɗaurin shekara uku zuwa biyar ga wanda ya yi amfani da raunukan wancan zamani wajen ɓata sunan hukumomin ƙasa, ko da baki ko a rubuce. Mutanen sansanonin kudu ba su shiga cikin masu cin diyya ba. Mutum zai iya fahimtar ƙasar da ta gaji da jini har ta zaɓi yin shiru, amma a ganina shirun da aka sa wa hukuncin ɗauri ya wuce gajiya.

Saboda haka mai bincike yakan samu labarin In M'guel ne a wajen Aljeriya. Ɗaya daga cikin takardun da suka fi amfani ita ce shawarar da Kwamitin Kare Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yanke a Geneva a watan Yulin 2007, a ƙarar da aka sani da sunan Aber. Mai ƙarar mutumin yankin Oran ne da aka kama a Fabrairun 1992, aka bi da shi ta Reggane da Oued Namous har sansanin lardin Tamanrasset, aka sake shi a Nuwamban 1995, kuma kwamitin ya samu Aljeriya da laifin tsare shi ba bisa ƙa'ida ba da kuma azabtarwa. Takardar tana intanet, kowa yana iya karantawa. Amma mutum ɗaya ne cikin dubbai, wanda ya samu ficewa daga ƙasar, ya kuma samu lauya.

Babi na uku shi ne namu, kuma bai rufe ba. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyaka: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu ne suka lalace bayan sun bar Arlit da nufin Tamanrasset, ƙishirwa ta kashe su, kuma mafi yawansu daga Kance suke, a jihar Damagaram. Shekara guda bayan haka gwamnatocin Nijar da Aljeriya suka daidaita kan mayar da 'yan Nijar marasa takardu gida, ayarin farko kuma ya tashi a Disamban 2014. Da farko mata da yara masu bara aka nufa. Daga baya kamen ya haɗa da duk baƙar fatar da aka gani a wurin gini ko a kan titi. A Disamban 2016 an kama sama da mutum 1,400 a Aljir, aka tara su a Zéralda, aka kawo su Tamanrasset a motocin safa. Tun daga nan garin ya zama mazurarin da kowa ke bi ta cikinsa: ana kwana ɗaya ko 'yan kwanaki a cibiyar da ke bayan gari, sannan a yi kudu.

Dokar da ake dogara da ita, mai lamba 08-11 ta 25 ga Yuni 2008, ta bai wa gwamnan lardi ikon ya sa a kai baƙo marar takarda bakin iyaka, ya kuma ajiye shi a cibiyar jira har kwana 30, ana iya sabuntawa. Ga kalmarmu ta sake dawowa: gwamna ne ke sa hannu, alƙali ba ya ciki. Ayarin kuma iri biyu ne. Na 'yan Nijar, wanda ake kira na hukuma, jami'an ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Tamanrasset suna tantance mutanensa, ana kai su har Asamaka a manyan motoci, don haka akwai jerin sunaye ko da mai kurakurai ne. Na biyu shi ne na sauran ƙasashe, da 'yan Mali da Gini da Kamaru da Nijeriya, waɗanda ake saukewa a wani fili da ake kira Point Zéro, su taka kilomita 15 cikin rairayi zuwa Asamaka. Bakano da Bakatsine suna iya faɗawa ko wanne daga ciki, gwargwadon abin da suka ce da kuma abin da mai tantancewa ya ji a harshensu. A watan Yunin 2018 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa an zubar da sama da mutum 13,000 a hamada cikin wata 14. Gwamnatin Aljeriya ta musanta, tana cewa tana mayar da mutane ne bisa yarjejeniya da mutunci. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara, mai ƙirga masu isowa Asamaka, ta lissafa sama da 26,000 a 2023 da sama da 31,000 a 2024. Lura da cewa waɗannan lambobi daga bakin ƙofar fita aka ƙirga su, a ƙasar Nijar, masu ƙirgar kuma 'yan sa kai ne.

Dokokin duniya ba su yi shiru a kan wannan ba. Ƙa'idojin Nelson Mandela na 2015 sun ce kowane wurin da ake tsare mutane sai ya ajiye fayil na kowane mutum, da sunansa, da dalilin kawo shi, da ranar shiga da fita da canjin wuri, ko da yake sun ce fayil ɗin sirri ne. Yarjejeniyar hana ɓatar da mutane ta fi ƙarfi, domin sashe na 17 ya wajabta rajista, na 18 kuma ya bai wa dangi da lauya haƙƙin a faɗa musu inda mutum yake. Nijeriya ta shiga wannan yarjejeniya a 2009, Nijar a 2015. Aljeriya ta sa hannu a Fabrairun 2007, amma ba ta tabbatar da ita ba.

Mu ɗauka wata uwa a Kance ko a Daura ta daina jin ɗuriyar ɗanta da ke aikin gini a Tamanrasset. Tambayar farko da ya kamata mai taimakonta ya yi ita ce ta nahawun da muka fara da ita: ɗaure shi aka yi ko tsare shi? Idan an kai shi kotu, ko kan shiga ƙasa ba izini ko kan wani laifi, to akwai lambar ƙara a ofishin magatakardan kotu, akwai sunansa a littafin gidan kaso, lauya a garin zai iya dubawa, kuma sashe na 36 na Yarjejeniyar Vienna ta 1963 ya bai wa ƙaramin jakadan ƙasarsa damar ziyartarsa. Idan kame ne kawai, to sai a juya kudu: ofishin 'yan sandan Asamaka, da cibiyoyin Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya a Asamaka da Arlit da Agadas, da sashen sada dangi na ƙungiyar Red Cross, da direbobi, da masu masauki.

A kowace hanya aka bi, akwai shingen da ɗalibin harshe zai fi kowa ganewa, wato sunan kansa. Aljeriya ta gaji tsarin sunan iyali daga dokar 23 ga Maris 1882, wadda ta tilasta wa Musulmi ɗaukar laƙabin zuriya, wanda bai samu ba kuma aka rubuta masa haruffa uku, SNP, ma'ana marar sunan iyali. Bahaushe ba ya tafiya da sunan iyali irin wannan. Yana da sunan yanka, da sunan uba, da sunan rana ko na wasa, da sunan gari, kuma wanda uwarsa ke kiransa da shi sau da yawa ba shi ne na yanka ba, musamman in ɗan fari ne da ake yi wa alkunya. Sai a ƙara da rubutu iri uku. Usman na Kano shi ne Ousmane a takardar Nijar, shi ne Othmane a bakin magatakardan Aljeriya, wanda zai iya rubuta shi da haruffan Larabci wani kuma ya sake juya shi zuwa boko. Shu'aibu ya zama Chaibou, Muhammadu ya zama Mahamadou ko Mohamed, Kance ta zama Kantché, Damagaram ta zama Zinder. A gurbin ranar haihuwa akan sa shekara kawai, ko 1 ga Janairu. Wanda kuma ke tsoron a hana shi dawowa yakan ba da sunan da ba nasa ba, ko ya ce shi ɗan Nijar ne don ya samu mota har Asamaka maimakon tafiyar ƙasa. Don haka mai nema yakan rubuta sunan ta kowace siga da zai iya tunawa, ya haɗa da sunan uba da na kaka da na ƙauye, da hoto in akwai, da tabo ko zanen fuska, da lambar wayar da aka yi magana da shi a kai ta ƙarshe, da ranar da aka yi maganar.